Tafinta

Ofishinmu na hawa na biyu, a saman shagon mai gyaran babur,
a Can Tho, inda kasuwa ke ci a kan kogi tun asuba.
Fanka ɗaya, kujerun roba shida,
da allon kwamfuta mai kawo mazan Koriya
ɗaya bayan ɗaya, kowa da sabon aski.

Ni ce bakin kowa a ɗakin nan,
ni ce kuma kunne.

Yau Pyo Man-su ne, manomin tafarnuwa,
shekara arba'in da tara. Jiya ya rina furfura,
rinin ya zarce har bayan kunne.
Ya ce, tambaye ta ko za ta iya ɗaga tsohuwa,
uwata ba ta taka ƙasa ba tun bara.
Na juya ga Tuyen na ce,
yana so ya san ko kina da tausayi.

Tuyen ta dubi yatsunta
da ɓare jatan lande ya tsattsaga.
Ta ce, nawa zai riƙa aiko wa babana?
Ruwan gishiri ya shigo gona, shinkafa ta mutu a tsaye.
Na ce masa, tana ganin girman iyaye ƙwarai.
Ya rusuna don jin daɗi
har tsakar kansa ta cika allon.

Ba ƙarya nake yi ba.
Ƙaya nake cire wa magana
kamar yadda ake yi wa kifi kafin a ba yaro.
Haka nake gaya wa kaina da yamma a kan hanyar gida.
Wanda ya ci ladan kuturu, ai sai aski.

Uwar ɗakina tana da littafi mai koren bango:
tsawo, nauyi, sakamakon gwajin jini,
wadda ta taɓa aure an ja mata jan layi.
Kwana biyar ake gamawa:
jirgi, otal, zobe, hoto a bakin ruwa,
da farar rigar haya.
Na san rigar nan.
Akwai ɗinki a hammatar hagu, da zare mai ɗan duhu.
Ni na yi shi, shekara goma sha ɗaya ke nan,
daren da zan sa ta.

Ina kuke tsammanin na koyi harshen?
A ɗakin girkin wata tsohuwa, bayan duwatsu.
Kalmar farko: yi sauri.
Ta biyu: gishiri ya yi yawa.
Dusar ƙanƙara kuwa sai da ta shiga takalmina
kafin na san sunanta.
Mijina ba mugu ba ne,
shiru gare shi kamar tsohuwar rijiya,
na yi shekara shida ina jefa guga.
Wadda ta yi mana tafinta, ita ma ƙayar ta cire,
can na same ta, tana jirana a cikin kwano.

Na dawo da akwati ɗaya da harshe biyu.
Ɗana yana can. Yana kirana ranar Lahadi,
in ya tuna.

Da aka kashe allo, Tuyen ta biyo ni matakala,
ta kama gefen rigata.
Yaya, ta ce, me ya faɗa da gaske?

A ƙasa ana gwada wani babur, yana tari yana mutuwa.
Na gaya mata, har da tsohuwar, har da bara.

Ta daɗe tana kallon hayaƙi.
Ta ce, kakata na ɗaga shekara uku, ba ko sisi.
Sai ta ciro biro daga gashinta, ta miƙo tafin hannu:
koya mini kalma ɗaya kafin Asabar.

Na rubuta mata wadda na koya daga ƙarshe,
wadda ke nufin a'a.
A ƙarƙashinta na sa lambar wayata,
na ce kada ta wanke hannun sai ta haddace.